Hanjin da ake reno a faranti: abin da ya kamata ku sani game da oganoyid da kansar hanji

Fatar da ta lulluɓe cikin hanjinku yau ba ita ce ta makon jiya ba. Cikin kwana huɗu zuwa biyar jiki yake zubar da kusan dukanta ya shimfiɗa sabuwa, haka kuma yake yi tun daga haihuwa har ranar da rai ya yi halinsa. Babu wani sashe na jikin mutum da ke sabunta kansa da irin wannan hanzari. Dalilin a fili yake. Abinci da ruwan da ke narkar da shi da tarin ƙwayoyin cutar da ke zaune a ciki duk a kan wannan fata suke gogayya, ga ta kuma ba kauri, layi ɗaya tak ne na ƙwayoyin halitta.

Wurin da ake hayayyafa haka dare da rana dole ya zama da mai tsawatarwa. Wa ke gaya wa ƙwayar halitta ta rabu biyu? Wa ke ce mata ya isa haka? Ƙwayoyin da kansu ne ke aika wa juna saƙonni, kuma saƙonnin nan sinadarai ne na furotin da wata ƙwaya ke fitarwa, maƙwabciyarta ta karɓa. Kansar hanji tana farawa ne ranar da wata ƙwaya ta daina sauraron saƙon. Masana sun daɗe da zaton haka, sai dai hanyar da za su nuna shi ƙuru-ƙuru da ƙwayoyin mutum ta samu ne bayan an koyi renon ɗan guntun hanji mai rai a ɗakin gwaje-gwaje. Shi ake kira oganoyid.

Ramuka da abin da ke cikinsu

Idan aka duba bangon ƙaramin hanji da madubin likita, za a ga ba sumul yake ba. Cike yake da 'yan tsinkaye masu laushi tamkar gashin tawul, waɗanda su ke tsotse abinci. A gindinsu kuma akwai ƙananan ramuka. Babban hanji ba shi da tsinkayen, ramukan kawai gare shi. A can ƙasan kowane rami ƙwayoyin tushe suke zaune, wato waɗanda dukan sauran ƙwayoyin fatar ke fitowa daga gare su. A ramin hanjin ɓera ba su wuce kimanin 15 ba, kowacce kuma takan rabu biyu kusan sau ɗaya a rana. 'Ya'yansu su ƙara rarrabuwa, sabbin na tura tsofaffi sama. A kan hanyar hawa kowacce take kama sana'arta: mafi yawa su zama masu tsotse abinci, wasu masu fitar da majinar da ke kare bangon, 'yan kaɗan kuma masu fitar da sinadaran da ke sanar da jiki cewa abinci ya iso. Da sun kai ƙololuwa sai su mutu, su bi bayan gida su fita.

Saƙonni huɗu ne suka fi riƙe wannan tsari. Akwai Wnt, wanda ya fi ƙarfi a ƙasan rami, ma'anarsa ga ƙwaya ita ce ta ci gaba da zama ta tushe, ta yi ta haihuwa. Akwai EGF, shi ma mai zuga rarrabuwa ne. BMP kuwa akasin haka yake yi, ya fi ƙarfi a sama, yana cewa a daina rarrabuwa a kama aiki. Na huɗun, Notch, sai ƙwayoyi biyu sun taɓa juna yake wucewa, shi ke raba wadda za ta zama mai tsotsa da wadda za ta zama mai fitar da majina. Ƙwaya ba ta da ido, amma daga yawan Wnt da BMP da ke isa gare ta take gane ko tana ƙasan rami ne ko ta kusa kai sama.

Wnt ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ɓarnar ta fi farawa. A cikin kowace ƙwaya akwai wani furotin mai suna beta-catenin da ake ƙerawa ba fashi. Akwai kuma wani gungun furotin, cikinsu har da mai suna APC, da aikinsu shi ne farfasa shi kafin ya taru. Idan saƙon Wnt ya iso daga waje, sai gungun ya dakata, beta-catenin ya taru, ya shiga cibiyar ƙwayar inda DNA yake, ya kunna umarnin rarrabuwa. To idan APC ya lalace fa? Sai ya zama babu mai farfasawa. Beta-catenin ya yi ta taruwa ko da ba wanda ya aiko da saƙo, ƙwayar kuma ta yi ta haihuwa ko da ta bar ƙasan rami. An gano ƙwayar gadon APC a 1991, a jikin wasu iyalai masu gadon wata cuta da ke sa ɗaruruwan tsiro fitowa a babban hanjinsu tun suna samartaka. A ƙasashen Turai da Amurka, kimanin kashi 80 cikin ɗari na kansar babban hanji ana samun APC a lalace.

Yadda aka fara renon sa

A Cibiyar Hubrecht da ke birnin Utrecht na ƙasar Holan abin ya faru, a ɗakin binciken Hans Clevers. A 2007, Nick Barker da Clevers suka gano wata alama mai suna Lgr5 da ƙwayoyin tushe na hanji ke ɗauke da ita, wadda ta ba da damar tsamo su daga cikin sauran. Sai wani likitan ciki ɗan Japan, Toshiro Sato, ya zo ya ɗauki aikin gwada renon su a waje. A lokacin, abin da aka yarda da shi shi ne lafiyayyar ƙwayar jiki ba ta daɗewa a faranti, in ta rabu 'yan lokuta sai ta tsufa ta mutu. Waɗanda ke rayuwa ba iyaka su ne na kansa, irin na HeLa da aka ɗauka daga jikin wata mata Ba'amurkiya, Henrietta Lacks, a 1951 ba da saninta ba. Matsalar irin waɗannan ita ce sun riga sun lalace, ba za ka koyi yadda lafiya ke komawa cuta daga abin da ya gama lalacewa ba.

Dabarar Sato ba ta da wani surkulle. Ya yi tunanin cewa in aka ba ƙwayar tushe saƙonnin da ta saba samu a ƙasan rami, ba za ta san an fitar da ita ba. Ya zuba ta cikin wani jeli mai suna Matrigel domin ta sami abin jingina ta kowane ɓangare, sannan ya zuba mata ruwan abinci mai ɗauke da abu uku: EGF, da R-spondin mai ƙara wa Wnt ƙarfi, da Noggin mai toshe BMP. A 2009 mujallar Nature ta buga sakamakon. Ƙwaya ɗaya tilo ta hanjin ɓera ta gina ɗan ƙwallo mai rami a tsakiya, da 'yan ƙofatai da ke tsirowa ta gefe, kowanne da ƙwayoyin tushe a ƙarshensa, da dukan ire-iren ƙwayoyin da ake samu a fatar hanji ta gaske. Ba wanda ya jera su, su suka jera kansu. An kuma ci gaba da renon su sama da wata takwas. A 2011 Sato ya yi nasarar yin haka da hanjin mutum, bayan ya ƙara Wnt kansa da wasu sinadarai a ruwan.

Ga yadda aikin yake a hannu. Likita mai leƙa hanji da kyamara ya tsinko ɗan nama da bai fi milimita biyu ko uku ba. A wanke shi, a jiƙa a wani ruwa mai sanyi da ke sassauta riƙon da ramukan suka yi wa naman ƙasa, a girgiza har su zubo. A gauraya su da Matrigel a kan ƙanƙara, domin jelin nan ruwa-ruwa yake in da sanyi, sai ya ji ɗumi yake daskarewa. A ɗiga shi ɗigo-ɗigo a farantin roba, a sa a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, digiri 37, in ya kama sai a zuba ruwan abincin a kai. Kafin kwana ɗaya ramukan sun rufe bakinsu sun zama 'yan ƙwallaye. Bayan kwanaki tsakiyarsu ta fara duhu, matattun ƙwayoyi ne ke zubawa ciki kamar yadda suke zubawa a hanji. Kusan kowane mako a farfasa su a sake shukawa, ko a daskarar da su a ruwan nitrojin a ajiye shekaru. Mafi yawansu ba su kai milimita ɗaya ba, don haka kada ku ɗauka wani dogon hanji ne ke nannaɗe a kwalba.

Gina kansa mataki-mataki

Tun 1990 Eric Fearon da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins suka kawo bayanin cewa kansar babban hanji ba dare ɗaya take faɗowa ba. Lalacewa ce ke taruwa a ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru masu yawa. Jerin da aka fi sani a yau shi ne APC da farko, sai KRAS, sai SMAD4 da TP53. Sun gano haka ne ta hanyar duba ƙarin da aka cire daga majinyata a matakai daban-daban. Hujja ce mai ƙarfi, amma ganin abu biyu tare bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haddasa ɗayan ba.

A 2015 ɗakunan bincike biyu suka rufe wannan giɓi, na Clevers a Utrecht da na Sato, wanda a lokacin ya koma Jami'ar Keio a Tokyo. Suka ɗauki lafiyayyen oganoyid na mutum, suka yi amfani da CRISPR, wato dabarar yanke DNA a daidai inda ake so, suka lalata waɗannan ƙwayoyin gado da hannunsu. A ganina, daɗin wannan gwaji yana wajen yadda suka tace ƙwayoyin da yankan ya kama. Bayan sun lalata APC, sai suka cire Wnt da R-spondin daga ruwan abincin. Lafiyayyun oganoyid suka mutu cikin kwanaki, domin ba sa rayuwa sai da wannan saƙo. Waɗanda APC ɗinsu ya lalace kuwa ko a jikinsu, suka ci gaba da girma. Da aka canja KRAS, sai aka cire EGF, masu canjin ne kaɗai suka tsira, saboda KRAS ɗinsu ya maƙale a kunne, ba ya jiran EGF. Da aka lalata SMAD4, sai aka cire Noggin, saƙon BMP mai cewa a tsaya ya shigo, amma ba mai jin sa. TP53 kuma shi ne mai sa ƙwayar da DNA ɗinta ya ɓaci ta dakata ko ta kashe kanta. Aka zuba wani sinadari mai tayar da shi, masu lafiyayyen TP53 suka daina girma, marasa shi suka wuce.

Wanda ya tara lalacewa huɗun nan yana girma a ruwan da ba ko ɗaya daga saƙonnin ƙasan rami. Da aka dasa shi a jikin ɓera, sai ya zama ƙari. Abin da gwajin ya nuna ke nan: kowace lalacewa tana 'yanta ƙwayar daga buƙatar saƙo guda, har ta kai ba ta buƙatar kowa. Lafiyayyar ƙwayar hanji in ta ɓalle ta faɗa wani wuri a jiki mutuwa take yi, domin babu saƙonnin da ta dogara da su a can. Wadda ta 'yantu kuwa ta sami ɗaya daga abubuwan da ake buƙata don zama a baƙon wuri. Ba duka ba dai, domin ɓangaren Sato ya ga oganoyid ɗin da suka gina bai iya kafa ƙari sosai a hanta ba, alamar cewa yaɗuwa tana buƙatar ƙarin wasu abubuwa.

Wannan ilimi har a aikin yau da kullum yana amfani. Sau da yawa ƙwayoyin kansa sun fi lafiyayyu jinkirin girma a faranti, abin da mutane da yawa ba za su zata ba. In naman da aka tsinko daga ƙari ya haɗo da lafiyayyun ƙwayoyi, sai su mamaye farantin. Maganin abin shi ne a hana Wnt, lafiyayyun su mutu, na kansar su rage.

Wani gwajin da ya ja hankali ya fito a 2020, shi ma daga Utrecht. Akwai wani nau'in ƙwayar cutar E. coli da ke zaune a hanjin wasu mutane ba tare da sun sani ba, yana fitar da wata guba mai suna colibactin. Masu binciken suka riƙa sa siririyar allura suna ɗura wannan ƙwayar cuta cikin ramin tsakiyar lafiyayyun oganoyid, suna maimaitawa har tsawon wata biyar. Da suka karanta DNA ɗin, sai suka ga gubar ta bar wani tabo na musamman, kura-kurai masu tsari iri ɗaya. Suka nemi wannan tabo a DNA ɗin dubban majinyata, suka same shi a wani kaso na masu kansar babban hanji. A jikin mutum ba yadda za a yi irin wannan gwaji, abubuwan da ke taɓa hanji sun yi yawa. A faranti kuwa abu ɗaya aka canja.

Za a iya gwada wa majinyaci magani a faranti?

Tambayar da ta fi damun mai jinya ke nan. Tunanin yana da sauƙi: a reni oganoyid daga ƙarin majinyaci, a rarraba shi a ƙananan ramukan faranti, a zuba wa kowanne magani daban, a ga wanda ya kashe shi. A 2015 aka kafa ma'ajiyar oganoyid daga majinyata 20 a Holan, aka gwada musu magunguna 83. Masu canjin KRAS ba su ji maganin cetuximab ba, wanda aikinsa toshe ƙofar da EGF ke shiga. Haka likitoci suka riga suka sani a asibiti, kuma dalilin shi ne wanda muka gani a sama: toshe ƙofa ba ya amfani in KRAS ya riga ya maƙale a kunne daga ciki.

A 2018 masu bincike a Landan suka kwatanta abin da oganoyid ya nuna da abin da ya faru da majinyatan da kansu. Duk maganin da ya kasa a faranti ya kasa a jikin majinyacin. Wanda ya yi aiki a faranti kuwa ya yi aiki a jiki a kashi 88 cikin ɗari. Adadi ne mai faranta rai, amma majinyatan da aka yi kwatancen da su ba su da yawa. Shekara guda bayan haka wani bincike a Holan ya nuna oganoyid na iya hasashen tasirin maganin irinotecan, amma ya gaza a kan haɗin da ke da oxaliplatin, wanda yana cikin waɗanda aka fi ba masu wannan cuta. Da aka zo gwajin zaɓa wa majinyata magani bisa abin da farantin ya nuna, sakamakon farko bai yi armashi ba. Wasu samfuran ba su girma ba, wasu majinyatan kuma jikinsu ya yi tsanani kafin makonnin renon su cika.

Ba abin mamaki ba ne. Oganoyid fatar hanji ce zalla. Ba jijiyoyin jini, ba ƙwayoyin garkuwar jiki, ba hanta mai sarrafa magani, ba ƙoda mai fitar da shi. Ana ƙoƙarin haɗa shi da ƙwayoyin garkuwa na majinyacin, an kuma sami ci gaba, sai dai aikin na ɗakin bincike ne har yanzu. Shi kansa Matrigel daga wani ƙarin jikin ɓera ake tatso shi, yana da tsada, kuma na wannan kwalba ba lalle ya yi daidai da na waccan ba. Inda gwajin ya fi yin tasiri a asibiti ma ba a kansa ba ne, a wata cutar gado ce mai suna cystic fibrosis da ta fi yawa a Turawa. Tun 2013 aka nuna a Utrecht cewa oganoyid ɗin majinyaci yakan kumbura da ruwa in maganin ya gyara lalacewar, in bai gyara ba ya tsaya yadda yake. Hukuncina dai shi ne, a fannin fahimtar yadda kansa ke farawa oganoyid ya riga ya biya kuɗinsa, a fannin zaɓen magani kuwa da sauran tafiya. Duk wanda ya ce muku yana da gwajin faranti da zai tabbatar da maganin da zai warkar da kansa, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba.

Ina ruwanmu?

Kansar babban hanji ita ce ta uku a yawa a duniya, ta biyu kuma wajen kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin masu ita kusan miliyan 1.9 a 2020, da mutuwar sama da mutum 900,000. Kusan duk abin da aka bayyana a sama da naman Turawa da Japanawa aka gano shi. A 2021 likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York suka buga binciken DNA na kansar hanjin 'yan Najeriya. Suka tarar lalacewar APC ba ta kai yadda take a majinyatan Amurka ba, kusan huɗu cikin goma ne a babban rukunin da aka kwatanta, alhali a can ta haura bakwai cikin goma. Lalacewar da ta shafi hanyar KRAS kuwa ta fi yawa a nan. Majinyatan da aka duba ba su da yawa, kuma daga kudu maso yamma mafi yawansu suke, amma in hakan ya tabbata, to mai yiwuwa kansar hanjinmu ta wata ƙofar take yawan shigowa. Ko dabarar nan ta cire Wnt don tace ƙwayoyin kansa ba lalle ta yi aiki a ƙarin da APC ɗinsa ke lafiya ba. Amsar irin wannan tambaya sai an reni oganoyid daga naman mutanenmu, da yardarsu, kuma hakan na buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da firji mai tsananin sanyi, da kuɗin sinadarai. Jami'o'inmu masu asibitocin koyarwa ya kamata su sa wannan a lissafi, ko don gudawar yara ma, tunda a oganoyid ɗin hanji ake renon ƙwayoyin cuta irin su rotavirus da Cryptosporidium domin nazarin su.

Abu na ƙarshe ya shafi kowa kai tsaye. Tunda lalacewar mataki-mataki take taruwa, tsiron da ya fara daga APC yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya zama kansa, kuma in an gan shi da kyamara a wannan tsakani, a nan take ake tsinke shi. A Amurka daga shekara 45 ake shawartar mutane su fara gwaji ko ba su jin komai. A wurinmu kuwa yawancin majinyata sai cutar ta yi nisa suke isa asibiti, sau da yawa bayan sun daɗe suna shan maganin basir. Ba kowane jini a bayan gida ba ne basir. In kun ga jini, ko bayan gidanku ya canja tsawon makonni, ko kuna ramewa da ƙarancin jini ba dalili, ko kuma wani a danginku na kusa ya taɓa yin wannan cuta, ku je asibiti ku nemi likita ya duba ku, ku kuma tambaye shi ko akwai buƙatar a leƙa hanjin da kyamara.